Wayar Cikin Hula

Babana ba ya jin tsawa. Da wannan zan fara, domin in ba a san haka ba, sauran labarin zai zama abin dariya kawai. Masunci ne a wani ƙauye da ke bakin tafki, kusa da Wara, kuma tun yana saurayi shi ake kira idan koma ta maƙale a kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka yi dam. Ya yi ta nutso yana kwance komar mutane har ruwa ya cinye masa kunnuwa. Ko da na yi wayo, sai an tsaya a gabansa an ɗaga murya yake ji, shi ma rabi da rabi, yana cike sauran da kallon baki.

A tudu wannan ba wata matsala ba ce, har yakan ci moriyar abin, don duk faɗan da Inna za ta yi a iska yake tafiya. A ruwa kuwa magana ce ta rai. Hadarin damina a wajenmu daga gabas yake tasowa, kuma kafin ka gan shi sosai kana jin rugugin cidarsa. Sauran masunta da sun ji sai su naɗe kaya su nufo gaɓa. Shi kuwa Baba kansa na sunkuye a kan mamari, doguwar igiyar nan ta kamun kifi, yana bin ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ya sanin abin da ake ciki sai iska ta dafa shi. Ga shi ba ya yarda ya fita da kowa. Wai mutane surutu gare su, in ji mutumin da ba ya ji.

Inna ta san abin da tafkin nan yake iyawa, domin wanta uwa ɗaya uba ɗaya a ciki ya tafi. Saboda haka duk damina da fargaba take yin ta. Da ta ga gabas ta fara baƙi sai ta ajiye abin da ke hannunta ta tafi bakin ruwa ta tsaya, ba don tana iya yin komai ba.

Sai ga wayar hannu ta shigo gari. Baba ya sayi wata 'yar baƙa mai madannai, wadda idan ya dunƙule hannu ba ka ganin ta, ya saya wa Inna irinta. Da farko ba ta yi masa amfanin komai ba, don ko ta kwana tana kuka ba ji yake ba. Ran nan zai tura kwale-kwale, ruwa har ƙirji, sai ya cusa ta cikin hula inda ya saba ajiye goro. Daidai lokacin Inna ta kira. Waɗanda suke wurin sun ce tsalle ya yi ya fizge hular ya yi jifa da ita cikin jirgi, yana shafa kai, ya ɗauka rina ce. Da ya gane abin da ya faru, sai ya ɗauki hular ya mayar, ya tsaya yana murmushi har wayar ta gama rawarta a kansa.

Daga ranar suka ƙulla abinsu su biyu, ba tare da sun zauna shawara ba. Idan Inna ta kira sau ɗaya, ana nufin tuwo ya sauka. Idan ta yi ta jera kira ba ƙaƙƙautawa, hadari ne, a fito. Shi kuma ba ya ɗauka, me zai ji? Hannu kawai yake ɗorawa a kan hula, ya laluba ta cikin yadi, ya danna jan madanni. Da Inna ta ji an katse, sai ta sauke numfashi ta ce, “Ya ji.” A duk garin ita kaɗai ce matar da ke murna idan miji ya katse mata kira.

Ni na tashi a gidan da ban taɓa jin Inna ta ambaci sunan Baba ba, ban kuma taɓa ganin hannunta ya taɓa nasa ba, ko wajen miƙa kwano ƙasa take ajiyewa. Amma na sha ganin Baba a bakin ruwa ya ɗora tafi a kan hularsa, fuskarsa ta saki kamar wanda aka yi wa susa. Sai da na girma na gane abin da nake kallo.

Masuntan garinmu da kifi suke auna komai, har waya. Irin ta Baba sun sa mata suna ƙurungu, don ƙanƙanta da taurin rai, ta faɗa ruwa a shanya ta a rana ta tashi. Da masu shafawa suka fara fitowa, 'yan sirara, aka ce kawara. Suka ƙara faɗi aka ce karfasa. Duk wanda ya dawo daga kasuwar Yauri da sabuwa, sai ta zaga hannu hannu a ƙarƙashin rumfar da ake ɗinkin koma, wannan ya auna ta da tafinsa, wancan ya duba fuskarsa a gilashin. Wani tsoho maƙwabcinmu, Bakambare, abokin wasan kowa, yakan ce kifin tafki na raguwa, wayoyi na ƙiba, ko dai su ke cinye abincin. Baba yakan karɓa ya jujjuya, ya yaba, ya mayar wa mai ita, ya gyara zaman hularsa.

To, mijina shi ne mai sayar da wayoyin nan. Shago gare shi a Yauri, kuma kusan duk wayar da ke ƙauyenmu daga hannunsa ta fito. Mutum ne mai kirki, ba na haɗa shi da kowa, amma idan aka ce sabuwar waya za ta fito sai ya zama wani iri. Tun kafin ta iso ƙasar nan ya haddace ta. Zai zauna yana kallon Turawa suna buɗe kwali a hankali kamar masu kwance jariri, abinci na hucewa a gabansa, yana ce mini, “Kin ga fuskar kuwa? Babu baki ko kaɗan, duk gilashi ne.” Ni kuwa in ce masa na gani, Allah Ya sanya alheri, a ci abinci. Shi a wurinsa girman fuskar waya girman daraja ne, kuma da zuciya ɗaya yake ganin haka.

Bayan aurenmu da 'yan watanni muka je gaisuwa, ya ga surukinsa ya tuɓe hula zai yi alwala, 'yar baƙar waya ta faɗo, madannanta duk sun goge. A hanya ya ce mini abin ya tsaya masa a rai, yana sayar da waya uban matarsa na yawo da wannan. Na ce ya bar tsoho da abarsa. Ban yi masa bayani ba, domin a lokacin ni ma ban ɗauki hular nan da nauyin da take da shi ba. Da Sallah ta zo sai ga shi da kwali. Ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda suruki ke yi, ya tura kwalin gaban Baba, ya cire layi daga tsohuwar ya sa a sabuwar, ya jefa tsohuwar cikin nasa aljihun wai kada ta tare wuri. Baba ya yi ta sa albarka. Inna daga bayan zana ta yi godiya, don ita ba ta haɗa ido da mijin 'yarta ta fari, gaisuwa ma a taƙaice suke yi, kowa kansa a ƙasa.

Sabuwar wayar karfasa ce sosai, baƙa mai sheƙi. Ranar rumfar masunta ta cika, kowa na cewa Baba ya yi dacen suruki. Sai da taro ya watse Baba ya shiga ɗaki ya gwada ta a hula. Ina leƙensa ta taga. Ya sa ta a kwance, ta ƙi. Ya sa ta a tsaye, hular ta ɗaga sama kamar zankon zakara. Ya ɗan sunkuya, waya ta sulɓo, ya cafe ta a cinya. Na yi dariya har da riƙe ciki, na juya in gaya wa Inna, sai na ga ita ba dariya take ba.

An gwada dabaru. Inna ta ɗinka masa 'yar jaka ya rataya a wuya, amma idan yana tuƙi sai ta yi ta lilo, ba ta zama a jiki balle ya ji motsinta. Aka ɗaure ta a ƙugu, ruwa ya nemi shiga. Ko ya ji ta ma, katsewa ta zama aiki, domin gilashi ba ya sanin jiƙaƙƙen yatsa, musamman irin na Baba da igiya ta mayar kamar ɓawon itace. Daga ƙarshe tsoron kada kayan mutane su lalace ya fi ƙarfinsa. Ya naɗe ta a leda, ya sa a bokitin fenti mai murfi, ya ajiye a goshin jirgi. A nan take yin rawarta ita kaɗai.

Na ce wa Inna bari in gaya wa mijina gaskiya. Ta dube ni kamar na ce zan fita ba ɗankwali.

“Ki ce mishi mi? Kyauta tai ba ta yi ba? Yaron ga ya girmama ubanki gaban mutane, ke ki tahi ki zubar mishi da ita ƙasa?”

Na koma wajen Baba, na tsaya a gabansa na ɗaga murya, na ce mu sayo wata ƙarama a ɓoye, da wani layi, ya riƙa sawa a hula. Ya ce a wane shago? Duk mai sayar da waya daga nan har Yauri ya san mijina. Kuma ranar da ya tuɓe hula a bakin ruwa aka ga ƙurungu a ciki, kafin jirgin kasuwa ya isa gari labari ya riga shi, a ce tsoho ya raina abin suruki. “Kunya ta, ɗiyata,” in ji shi. “Ba a yi.” Na ji haushinsu su duka biyun, na ji haushin kaina da na iya yin shiru. Gaba kura baya sayaki, in na yi magana na saɓa wa iyaye, in na yi shiru ga damina tafe.

Haka aka ci daminar nan. Inna ta koma tsayuwar bakin ruwa, sai dai yanzu da waya a hannu, tana kira tana sauraron ƙara har ta tsinke don kanta. Ta rame, ta ce zafi ne. Allah Ya kiyaye, babu abin da ya faru. Da shekara ta zagayo wata sabuwa ta fito, mijina ya ce ta Baba ta tsufa, ya kai masa wadda ta fi ta faɗi. Wannan masunta suka ce faliya ce, kifin nan mai faɗi kamar faifai. Tsohon Bakambaren ya kara ta a kunne, ta rufe masa rabin fuska, ya ce in an ƙara kaɗan ya sami ƙyauren ɗaki. Baba ya sake sa albarka, ya nemi leda mafi girma.

Ranar da abin ya fashe muna ƙauye, mun je sunan wata ƙanwata da ta haihu. Bayan azahar aka watse, Baba ya ce zai je ya duba mamarinsa ya dawo. Mijina yana ƙofar gida matasa sun kewaye shi, yana nuna musu hoton wadda za ta fito nan gaba, wai ita naɗewa ake yi kamar tabarma, a buɗe ta ta ninka faɗi. Wajen la'asar iska ta ɗauke cak. Na ga Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon gabas. Sai ga cida, can ƙasa ƙasa. Ta ajiye ludayin ta fita, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, na ɗauko na bi ta.

Jirage suna ta shigowa, ana ja ana ɗaurewa. Na Baba babu. Ruwan tafki ya yi baƙi, ya fara tattarewa. Inna ta kira, ta ƙare, ta sake kira. Ina tsaye kusa da ita ina jin ƙarar na fita daga wayarta, ina roƙon Allah a katse. Mijina ya iso da gudu, ya ga abin da ake ciki, ya zaro tasa.

“Inna, bari in gwada da tawa, ta fi jan sabis.”

Ban taɓa ganin Inna ta ɗaga ido ta dubi mijina ba sai ranar. Ba ta yi faɗa ba, muryarta ma ƙasa take.

“Ba sabis na ba, ɗana. Tana shiga. Tana can cikin bokiti. Shi ba ya jin tsawa, da kai nai yaka jin kirana, cikin hula. Wagga taka ba ta shiga hula.”

Ta faɗi haka ta mayar da ido ga ruwa, ta sake danna kira. Mijina ya tsaya da waya a hannu. Ya dube ni, ni kuma na kasa dubansa. Kafin wani ya ƙara magana iska ta iso da ƙarfinta, ruwa ya kece, har ba ka ganin tsibirin da ke gabanmu. Masu jirgin inji suka ce babu mai iya shiga sai ta lafa. Mata suka ja Inna zuwa rumfa, ta ƙi. Mijina ma bai shiga ba. Su biyu suka tsaya a cikin ruwan, da 'yar tazara a tsakaninsu, ita tana kira, shi yana tsaye kawai.

Ba a jima sosai ba ta lafa, ko da yake ni na ga kamar shekara. Ana shirin tayar da inji sai wani ya nuna can gefen tsibiri. Kwale-kwale ne ke tahowa a hankali, ya sha ruwa har kusan baki. Ashe iskar ce ta kwashe shi ta watsa cikin ciyawar gefen tsibirin, ya kama reshe ya riƙe. Mamari ya tafi, kifin da ya kama ya tafi, har hular ma ta tafi. Ya sauko yana rawar ɗari, kai ba hula, farin gashi a manne, ya rungume bokitin fenti a ƙirji. Bai nufi Inna ba, ai da mutane. Wajen surukinsa ya nufa, ya buɗe murfi, ya kwance leda, ya miƙa masa waya da hannu biyu yana murmushi.

“Duba, ko ɗigo bai taɓa ta ba.”

Fuskar wayar ta kawo haske, ga jerin kiran Inna ya cika ta daga sama har ƙasa. A nan kam faɗin ya yi amfani, don babu wanda bai gani ba. Mijina ya karɓa, ya durƙusa a cikin taɓo. Na san shi da surutu a kan waya, ranar na ga waya ta rufe masa baki, kuma na ji sonsa ya ƙaru a raina.

Washegari da za mu tafi ya ce in roƙo masa tsohuwar hular Baba, wadda yake sawa a gida. Na kawo, ya ninke ya sa a jaka. A shago na gan shi ya zube ƙananan wayoyi masu madannai, irin waɗanda yake turawa can ƙasan kanta, yana sa su cikin hular ɗaya bayan ɗaya, yana ɗorawa a kansa, yaran shago na kira. Wadda rawarta ba ta da ƙarfi ya ajiye gefe. Masu sayayya suna shigowa suna ganin mai shago da tsohuwar hula ya rufe ido yana sauraron kansa, bai kula su ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya kai ta. Bai je ya ba da haƙuri ba, don da ya yi haka da ya kunyata tsoho, ya nuna an san ya sha wahala da kyauta. Ranar kasuwa ya zaɓa, lokacin da rumfar masunta ta cika. Ya sa 'yar wayar a kwali mai kyau, ya haɗa da sabuwar hula, ya durƙusa inda ya saba, ya ɗaga murya yadda Baba da kowa za su ji.

“Baba, wannan ce sabuwar da ta fito. Yanzu manya sun koma ƙanana. Na ce ba za a riga ka ba.”

Ya cire layin Baba daga babbar ya sa mata. Masunta suka karɓa aka zaga da ita. Tsohon Bakambaren ya auna ta da yatsa biyu, ya dubi mijina ta wutsiyar ido, ya ce lalle duniya zagaye take, ƙurungu ya dawo gari. Babu wanda ya yi dariya fiye da kima. Baba ya jujjuya ta, ya yaba, ya sa albarka, ya jefa ta cikin sabuwar hula ya kifa a kai. Ko minti ba a yi ba na ga ya ɗan zabura, ya ɗora tafi a kan hular. Na waiga, ga Inna can bakin zana da waya a hannu, tana kallon wani wuri daban kamar ba ita ba.

Mijina bai daina son manyan wayoyi ba, kada a ce na yi masa ƙarya. Har gobe idan sabuwa za ta fito abinci na hucewa a gabansa, kuma wadda ke hannunsa yanzu sai da tela ya ƙara wa aljihunsa zurfi. Amma a cikin durowar shago akwai ƙanana irin ta Baba da ya ɓoye, ba na sayarwa ba, wai kada wata rana a wayi gari an daina yin su.

Baba ya bar ruwa yanzu, gwiwa ta ƙi, kunnen ma ya ida rufewa. Yana wuni a gindin mangwaron tsakar gida yana gyara wa mutane koma. Daga inda yake zuwa murhun Inna, ko tsakuwa ka jefa ta wuce. Kwanan baya da na je, tuwo ya sauka, na miƙe zan je in taɓa shi. Inna ta ce in zauna. Ta goge hannu a zani, ta kwance waya daga bakin ɗankwali, ta danna. Ina kallon bayansa, ya ajiye allura, ya ɗora tafi a kan hula. Bai katse nan da nan ba, sai da ya bar ta ta ɗan yi rawarta. Sannan ya danna.

Inna ta sauke numfashi ta ce, “Ya ji.”